Auren Lokacin Jira

Mahaifina shi ne katikis na 'yar majami'ar Katolika da ke gungunmu, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa, kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe wurin. Katikis shi ne mai koyar da addini da jan addu'a a inda babu limamin coci zaune. Mu namu limamin, wanda kowa ke kira Fada, daga Yelwa yake zuwa a kwalekwale, sau ɗaya a wata idan an yi sa'a. Masu bin wannan addini a gungun ba su wuce 'yan gidaje ba. Sauran jama'a Musulmi ne da masu bin gargajiya, kuma duk dangin juna muke, ta jini ko ta aure. Baba ya karɓi baftisma tun yana saurayi, lokacin da ya yi aikin lodi a jiragen ruwa can wajen Jebba, a hannun wani tsohon Fada mai tsanani wanda ya koya masa kome da baki. Abin da ya ji daga bakin tsohon nan bai taɓa ƙara masa ko rage masa ba.

A cikin lokutan shekarar ikilisiya, wato coci, babu wanda Baba yake ƙauna kamar makonnin da ke gaban Kirsimeti. A littafi Adbent ake kiransu. Shi kuwa Lokacin Jira yake cewa, mu ma da haka muka tashi. Lahadi huɗu ne. A jajiberin ta farko yakan share majami'a da kansa, ya cire farin ƙyallen da ke kan teburin hadaya, ya shimfiɗa mai duhu. Ƙa'ida ta ce launin ya kasance tsakanin ja da shuɗi, amma masu rini na Yelwa shuni kawai suka sani, saboda haka namu ƙyallen shuɗi ne da ya kusa zama baƙi, kuma ba a taɓa samun Fadan da ya yi ƙorafi a kansa ba. Inna takan saƙa zobe da kaba, kamar gammo babba, ta soka masa ɗanyen ganyen mangwaro, a kafa kyandir huɗu a ciki. Kowace Lahadi ana ƙara kunna ɗaya. Gangar majami'a a rataye ta a saman bango. Doguwar waƙar ɗaukaka da muke rerawa kowace Lahadi a ajiye ta sai ranar Kirsimeti. Gidan Kirista ba a dafa giya. Kuma ba a ɗaura aure.

Idan yara suka tambaye shi dalili, yakan ce jira biyu muke yi a haɗe. Muna tuna yadda duniya ta daɗe tana sauraron haihuwar Almasihu, muna kuma sauraron komowarsa, wadda babu wanda ya san ranarta. Yakan ce gidan da ake jiran baƙo ana share shi, ana rage hayaniya, kuma mai gida ba ya buɗe akushin baƙo ya fara ci don kawai yunwa ta kama shi. Na yi karatu bayan haka har jami'a, na karanta bayanai masu zurfi a kan wannan lokaci, amma ban ci karo da wanda ya zauna mini a rai kamar maganar akushin nan ba.

Ni ne ɗan farinsa. Ya tura ni makarantar mishan, na fito da takardar koyarwa, aka ba ni aji a Yelwa. Tun kafin nan idona yana kan wata yarinya ta unguwar gabas ta gungun, 'yar wani tsoho mai bin gargajiya wanda ba shi da ɗa namiji ko ɗaya. Ita ta shiga ajin Baba da yardar uban, wanda ya ce addini kamar kasuwa yake, kowa da rumfar da yake tsayawa, aka yi mata baftisma a wani bikin Ista. A al'adarmu, mai neman aure noma yake yi wa uban yarinya damina bayan damina, har sai an shigar da dawar shekarar ƙarshe a rumbu, sannan a ba shi mata. Ni da nake riƙe alli, sai a lokacin hutu nake samun zuwa, sauran kwanakin ƙannena ne suke fita mini.

Tsohon bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, don suruki ba ya haka. Yana da wata tsohuwar akuya da ke bin sa gona, ita yake gaya wa abin da yake so in ji. Wata rana ina huɗa, kunyata ta karkace, sai na ji shi yana ce mata: "Ke dubi aikin malamai. Wagga kunya ko maciji ya bi ta sai ya yi ciwon baya." Ƙannena suka yi ta dariya har suka zubar da fartanya. Amma a ranar nan, da rana ta take, shi ya aiko mini da kunu a ƙoƙonsa na kansa.

Maganar madatsar ruwa ta fara ne wajen shekarar samun 'yancin kai, lokacin da masu awo suka zo suna kafa duwatsu masu farin fenti a kan tudu, can nesa da gaɓa, suna cewa nan ruwa zai kai. Tsofaffi suka ce duk wanda ya ce Kwara za ta hau can bai taɓa ganin Kwara ba. Shekaru suka wuce, magana ta zama gini. Aka gina mana sababbin gidaje na siminti masu lanƙwasasshen rufi a gaɓar gabas, ta wajen Wara, aka ce unguwarmu wuri ɗaya, unguwar su yarinyar wani wuri, tafiyar yini a tsakani. A shekarar da za a tashe mu ƙasa tana cikin yaƙin basasa. Mutanen kudu da suka cika majami'ar Yelwa sun riga sun tafi, benci ya zama fayau, Fada ɗaya ne ya rage yana zagaya ƙauyukan kogi gaba ɗaya. A shekarar kuma watan azumi ya kama daidai da Lokacin Jira, kusan rana ɗaya. Da asuba muna jin maƙwabta suna tashi sahur, mu kuma muna fita addu'ar safe, gungun ya yi tsit irin wanda ban taɓa jin ya yi ba.

Wannan ita ce daminata ta ƙarshe a gonar tsohon. Shirinmu shi ne a ɗaura aure bayan Kirsimeti, har Baba ya riga ya yi sanarwa a majami'a kamar yadda ƙa'ida ta ce, don duk abin da muka ji shi ne sai bayan sabuwar shekara za a fara kwasar mutane. Muka yanke dawa, muka shigar da ita rumbu a makon farko na Jira. A cikin makon ne kuma dagaci ya tara mutane ya ce labari ya canja: kwalekwale da motocin kwasa za su zo kafin Kirsimeti.

Washegari tsohon ya aiko ƙanensa gidanmu. Saƙon a fili yake. Noma ya cika, yarinya ta zama tawa, a zo a ɗauke ta kafin tashi. Amma idan ta kwana ko da dare ɗaya ne a sabon gida tana 'yar gidansa, to al'ada ta ce mai nemanta yana bin sabuwar gona da noma daga farko, domin dattawan da suka shaida wancan noma za a watsa su, gonar da aka noma kuma ta zama ta kifi. Sabuwar gonar kuwa daji ce, sai an yi sassabe, aikin shekaru. Ni kuma na riga na sami gurbin ƙarin karatu a shekara mai zuwa, wanda idan na bar shi ba lalle ya dawo ba. Ko dai a ɗaura auren a cikin makonnin nan, ko in zaɓa tsakaninta da karatun.

Sai da na manyanta na gane abin da tsohon ya yi. Mutum ne marar ɗa namiji, za a kai shi daji da gatari a hannu yana da furfura. Da ya yi shiru har aka tashi, da ya sami majiya ƙarfi huɗu, ni da ƙannena, na wasu shekaru, kuma babu mai ganin laifinsa. Shi ne ya aiko a gaya mana mu yi sauri.

Baba ya saurari saƙon har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce a gaya wa tsohon ba a ɗaura aure a Lokacin Jira.

Na same shi da safe a lambun albasa a bakin ruwa, yana ɗiba da ƙwarya yana zubawa a fangali. Ba al'adata ba ce in yi jayayya da shi, kuma tsakanin uba da ɗan fari akwai kunyar da ke sa magana ta yi nauyi. Na tsuguna na kama masa ban ruwa. Na ce masa wannan shekara ba kamar sauran ba ce. Na ce wanda ya kafa dokar bai san za a tashi gungu ba. Na kawo masa hujjoji irin na ɗan makaranta, ɗaya bayan ɗaya, yana ji yana zuba ruwa. Da na gama sai ya tuna mini da ɗan ƙanensa.

Shekaru biyu kafin nan wannan ɗan'uwa nawa ya zo da irin wannan buƙata. Shi masunci ne, yana so a ɗaura masa aure kafin ya bi ayarin su zuwa ƙasan kogi, kuma lokacin ya faɗo cikin Jira. Baba ya hana. Yaron ya yi fushi, ya yi aurensa na gargajiya, bai sake taka majami'a ba, daga baya ya musulunta. Uban yaron ya yi wata da watanni ba ya gaisawa da Baba.

"Na hana ɗan ƙanena, ya tafi," in ji Baba. "In na buɗe ma ɗana, mi za ni ce masu? Doka ta 'ya'yan wasu ce?"

Na ce to ni fa, idan na rasa ta.

Ya ajiye ƙwaryar. Ya ce ya san abin da yake nema a wurina ba ƙarami ba ne. Ya ce an auna mana ƙasa ba a tambaye mu ba, an gina mana ɗaki ba a tambaye mu ba, an sa mana rana an kuma canja ta, kome namu yanzu gaggawar wani ce. Abu ɗaya da ya rage muna yi da ganin damarmu shi ne wannan jira, kuma ba ya so a ce shi ma ruwa ya ci shi. Na ɗauki ƙwaryar na ci gaba da ban ruwa. Har yau, idan na faɗi gaskiya, ban sami cikakkiyar amsar da zan ba shi ba, ko da yake na san a kan me maganar ta ƙare.

Mako na biyu ya wuce a haka. Mutane suna kwance rumbuna, suna ɗaure tukwane da igiya, mata suna zuwa kaburburan iyayensu suna share su. A majami'a Baba ya karanta labarin annabin nan da ya yi wa'azi a jeji a bakin kogi yana cewa a gyara hanya, ya yi bayaninsa da muryar da ya saba, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na haɗu da yarinyar da hantsi a mashaya tana wanke tabarmi. Ta ce ta ji an ce malam ya je lambu da hujjoji ya dawo da albasa. Na ce ba abin dariya ba ne. Ta ce ta sani, amma idan ba ta yi dariya ba kuka za ta yi, kuma tabarmin ya riga ya jiƙe.

Fada ya iso ranar Lahadi ta uku. Ita ce Lahadin da ake sassautawa kaɗan, a kunna kyandir mai launin hoda, don an ce jiran ya wuce rabi, a ɗan yi murna. Bature ne dogo, rana ta ƙone masa wuya, Hausarsa tana da kyau sai dai ba ya iya ɗ da ƙ. Bayan an tashi daga majami'a ya zauna a zauren gidanmu, Inna ta kawo masa tuwo da miyar kifi. Ni ina gefe, na ƙudura ba zan ta da maganar ba, don yin haka kamar kai ƙarar uba ne. Inna kuwa ba ta da wannan damuwa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta taɓa jin tsoron mai karatu ba. Ta ajiye ruwan wanke hannu, ta ƙi tashi.

"Fada, ina da tambaya," in ji ta. "Hana aure cikin Jira, Allah ne ya hana ko mutane?"

Baba ya ce mata ta bar baƙo ya ci abinci. Fada ya ce a bar ta. Ya tambayi abin da ya faru, ta gaya masa duka, ba ta ambaci sunana ba, sai dai "wancan na zaune". Ya saurara, sannan ya yi bayani a hankali yana kallon akushi. Ya ce ikilisiya ba ta hana ɗaura aure a Jira ba. Abin da ta hana shi ne shagali: babbar albarka ta biki, da kiɗa, da taron ci da sha. Idan akwai larura, ana ɗaurawa a natse, a bar murnar sai bayan Kirsimeti. Ya ce da yawa daga tsofaffin limamai sukan taƙaita wa mutane su ce an hana kawai, don ya fi sauƙin riƙewa, kuma a ƙasar da aure da ganga ba sa rabuwa, kusan magana ɗaya ce.

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Sai na dubi Baba. Ya daina cin abinci, hannunsa yana cikin akushi bai motsa ba. Ya tambaya ko haka dokar take tun da, ko sabon sauyi ne irin waɗanda ake ta yi a shekarun nan, da aka mayar da addu'o'i daga Latin zuwa harshen mutane. Na ga Fada ya so ya ce sabo ne. Amma ba mutum ne mai ƙarya ba. Ya ce tun da haka take.

"Ashe shekara biyu da sunka wuce ma haka take," in ji Baba.

Fada bai san labarin ɗan ƙanen ba, ya ce i. Inna ta ɗauke akushi.

Saura tsohon. Da aka kai masa labari cewa za a ɗaura aure amma babu kiɗa, ya ce ai ba gawa zai fitar daga gidansa ba. 'Yarsa ta ƙarshe, a gungun da za a bari, a fitar da ita shiru kamar an sato akuya? Ya aika wa makaɗan gungun. Su kuwa gidansu ya daɗe da musulunta, suka ce suna azumi, ba sa taɓa ganga don biki sai bayan Salla. Ya aika Yelwa wurin masu kalangu, amsa ɗaya. Ƙanensa ya ba mu labari cewa tsohon ya zauna a ƙofar gida yana gaya wa akuyarsa: "Kin gani? Na masallaci da na coci ba su taɓa shirya magana ba, sai a kan gangata."

Yarinyar ce ta warware. Ta durƙusa a gaban uban ta ce masa ganga tana da ƙafa, za ta iya bin ta duk inda take bayan Salla, amma ƙofar gidan nan ba za ta bi ta ko'ina ba, kuma ita ta ƙofar nan take so ta fita, inda aka binne cibiyarta. Aka ce daga nan ya ce a kira mata su yi mata lalle. Ta kuma aiko wa Inna da saƙo, ba tare da ta shawarce ni ba, cewa idan an kawo ta, a ɗakin Inna za ta zauna har ranar Kirsimeti, don kada a ce gidan katikis an buɗe akushi kafin baƙo ya iso. Da Inna ta gaya wa Baba, ya sunkuyar da kai, ya ce yarinyar ta fi shi fahimtar abin da ya koya mata.

Fada ya wuce ƙauyukan ƙasa, ya biyo ta kanmu a tsakiyar mako. Da hantsi aka kawo ta a kwalekwale, an zagayo da ita ta bakin gungun kamar yadda aka yi wa iyayenta mata, babu guɗa, sai ƙarar filafili a ruwa. Maƙwabtanmu masu azumi suka fito suka tsaya a gaɓa suna yi mata addu'a. Tsohon ya rako ta har ƙofar majami'a, ya tsaya a waje da sandarsa. A ciki ƙyallen nan mai duhu yana kan tebur, kyandir uku suna ci, ganga tana rataye. Baba ya riƙe wa Fada littafi kamar kullum. Aka tambaye ni, aka tambaye ta, muka amsa. Kafin rana ta take an gama. Aka raba goro, masu azumi suka ƙulle nasu a gefen riga sai an sha ruwa.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan ɗan ƙanensa. Ban bi shi ba, daga bakin ɗan'uwan nawa na ji, shekaru bayan haka. Ya ce yana gyaran koma sai ya ga babban uba ya shigo ya tsuguna a gabansa, abin da bai taɓa gani ba. Baba ya gaya masa cewa abin da ya hana shi ba haka dokar take ba, shi ne bai sani ba, kuma ya zo neman gafara. Ɗan'uwan ya ce ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗaga shi, ya ce masa abin ya wuce, shi ya sami inda zuciyarsa ta kwanta, matarsa ta haihu, babu abin da ya ɓace. Ya riƙe shi har aka kira magariba suka sha kunu tare. Ya ce amma ya lura maganarsa ba ta sauke wa Baba kome ba.

Kwana kaɗan bayan haka aka kwashe mu. Ba zan tsaya bayanin ranar ba, don duk wanda aka tasa daga kogin nan yana da irin nasa labarin, kuma nawa bai fi na kowa ba. Matata ta shiga kwalekwalen Inna da tukwane. Tsohon da mutanensa suka nufi nasu wurin. A sabon gari ba a gina majami'a ba, sai muka kafa rumfa da zana a bayan gidaje.

A jajiberin Lahadi ta huɗu Baba ya tara magidantan ikilisiya a rumfar. Ya gaya musu abin da Fada ya ce, bai rage kome ba. Ya ce shekara da shekaru yana ɗora wa mutane kaya da sunan ikilisiya, bai san wanne ne nata wanne ne nasa ba, kuma mutumin da bai san wannan ba bai kamata ya tsaya a gaba ba. Suka roƙe shi. Wani ya ce kuskure ɗaya ba ya rushe aikin shekaru. Wani ya ce ko Fada bai ce ya sauka ba. Ya ce ya sani, ba kora aka yi masa ba. Ya miƙa littafin addu'a da ƙyallen ga wani saurayi da ya yi makarantar mishan bayana, ya ce zai taimake shi da duk abin da ya tambaya.

Na sha juya wannan al'amari a raina. Wani lokaci ina ganin Baba ya tsananta wa kansa kamar yadda ya tsananta wa wasu, kuma saukar tasa ma wani nau'in taurin kai ne. Wani lokaci ina ganin shi kaɗai ne a cikinmu ya ɗauki Lokacin Jira da gaske, domin an ce lokaci ne na gyara hanya da duba kai, shi kuwa ya duba ya ga abin da ya gani, bai kau da ido ba. Na sami matata, na sami karatuna, muna tare har yau, 'ya'yanmu sun girma. An buga gangar majami'a ranar Kirsimeti, matata ta tare a ɗakina. Bayan Salla tsohon ya kawo makaɗansa tafiyar yini guda, aka yi kwana biyu ana kiɗa. Duk wannan alheri ne, ba na musu. Amma ta hanyar aurena ne mahaifina ya rasa aikin da ya fi ƙauna a duniya, kuma ban san yadda ake auna waɗannan biyu a ma'auni ɗaya ba.

A Lahadi ta huɗun nan, Baba ya zauna a tabarma a cikin maza, karo na farko a rayuwata da na gan shi a majami'a ba ta fuska ba. Rumfar ba ta da bango, iska tana shigowa ta kowane gefe. Saurayin ya kunna kyandir na farko da na biyu, kafin ya kai na huɗu na farko ya mutu. Ya koma, na uku ya mutu. Yara suka fara ƙyalƙyala. Inna ta waiwayo daga cikin mata tana duban Baba, ni ma na dube shi. Na ga ya dafa tabarma kamar zai tashi, sai ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Muka zauna muna jira, har wata tsohuwa ta miƙa wa saurayin faifai ya kare iskar, duka huɗun suka kama, ya buɗe littafi ya fara karatu yana tuntuɓe.